Saba Ta Goma Sha Bakwai

Zuwa ga uwar ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yar lelena. Kin ce ta fara tsayuwa da bango. Ki ce mata ta jira ni.

Hutun nan da zan zo gida har yanzu shiru. Oga ya ce ba zan motsa ba sai an iya kula da sabobin nan talatin, wato manyan kwamfutocin ofis, ba tare da ni ba. Kowace da halinta, don da hannu aka saita su ɗaya bayan ɗaya. Maganin shi ne manhaja guda da za ta daidaita su duka, amma wata biyu muna zaɓe. Oga yana son wadda ke dasa wa kowace na'ura ɗan aike, wato ƙaramar manhaja mai karɓo umarni, don ya ga tallarta a wani taro. Ni ina son mai tura umarni daga wuri ɗaya. An yi zama shida, shayi kawai ake sha.

Wanda na gada kuwa, Allah ya shirye shi, ko layi ɗaya bai rubuta ba na abin da ya taɓa. Raina a ɓace yake wallahi.

Mijinki, Mai Sabobi, kamar yadda kike tsokanata.

Zuwa ga uwar ɗiyata,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya ƙafar tata?

Tawa aka zaɓa. Ran Talata na kunna ta, duka talatin suka zama iri ɗaya, har na ɗauko jakata. Kafin azahar aka kasa buga takarda ko ɗaya a ginin nan. Ashe saba ta goma sha bakwai tana da wani gyara na hannu da ke riƙe da firintoci, manhajar ta share shi. Na tsaya gaban Oga na ɗora wa tsohon ma'aikacin nan laifin kaf.

Jiya na binciko tarihin na'urar don in kai hujja. Sunana na gani. Ni na yi gyaran bara, ranar da kika fara naƙuda, ina sauri, na ce zan rubuta idan na dawo.

Na faɗa wa Oga gaskiya. Ya ɗage hutun da wata guda, wai sai na bi tarihin sauran ashirin da taran na rubuta komai. Kunya ta hana ni cin abinci.

Kar ki ce ta jira ni kuma. Idan ta saki bangon, ki ɗauka mini a waya.

Naki har kullum,
Mai Sabobi