Uban Aurenmu Ya Toshe Kunnuwan da Na Jera a Teku

Tanti Aglaia,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Na daɗe ina haɗiye wata magana, har ta fara yi mini nauyi a ƙirji. Mijina ya gaji da ji, mahaifiyata kuwa da zarar na buɗe baki sai ta ce in tuna da cikin da nake ɗauke da shi. Ke kaɗai kika rage mini.

Ni injiniya ce mai binciken ƙarƙashin ƙasa a wani kamfanin mai a nan Constanța. Yadda aka saba, in ana so a ga abin da ke ƙarƙashin teku, jirgi ake ɗaukowa mai bindigogin iska, ya yi ta harbi cikin ruwa, ana naɗar amon da ya dawo. Ga tsada, ga masunta su tare mu a tashar jirgi suna zagi, wai mun kore musu kifi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Jirgin ma ba ya iya matsawa kusa da dandamalin haƙar mai, don haka daidai wurin da muka fi son gani, nan ne hoton ke fitowa da giɓi. Ni abin da na karanta daban ne. Teku ba ta taɓa yin shiru. Kullum igiyar ruwa na dukan ƙasanta, tana aika wani gurnani mai zurfi da kunnen mutum ba ya kamawa, gurnanin ya ratsa laka da duwatsu. In ka jera na'urorin sauraro a ƙasan ruwa ka bar su watanni, ka kwaso ka gwama abin da wannan ta ji da abin da waccan ta ji, ƙasar za ta nuna maka kanta ba tare da ka harba komai ba. Mu kunnuwa muke kiran na'urorin. Kowace kamar tukunyar miya take, ba waya, ba komai, sai an ciro ta kake sanin abin da ta jiyo.

Na yi shekaru ina roƙon a bar ni in gwada. Bara darakta ya yarda, ba don ya gamsu ba, don dai ya huta da ni. Aka ba ni wani tsohon dandamali da ake zargin iskar gas na taruwa cikin lakar da ke ƙarƙashin ƙafafunsa. Muka jera kunnuwan kafin sanyi ya shigo, saboda lokacin ne teku ke hauka, mu kuma haukan nata muke so. Duk ranar da guguwa ta hana mutane fita, ni murna nake yi a bakin taga, har mijina Horia yana cewa ya auri mayya.

Da bazara muka ciro su. Babu komai, Tanti. Akwai ƙarar injin jiragen ruwa, akwai ta famfunan dandamali, amma gurnanin da na je nema kamar an sa wuƙa an yanke shi. Duk zafin bana a gaban kwamfuta na cinye shi, ga laulayi, ga kunya. Na zargi masu ƙera na'urorin, na zargi lissafina, daga ƙarshe na fara yarda cewa ni ce daƙiƙiya. A ofis an daina tambayata. Wanda ya haɗu da ni a matakala sai ya tambayi lafiyar ciki kawai, da wata murya mai taushi da na fi tsana a kan zagi.

Yanzu ga inda matsalar take. Shugaban sashen kayan aikinmu, zan kira shi Nea Sterie, shi ne uban aurenmu. Shi da matarsa Domnica suka riƙe mana kyandir a coci, kuma su ne za su riƙe jaririn nan ranar baftisma. Domnica har ta saye zanen da za a naɗe shi. Shi ya karɓe ni ina 'yar koyo, shi ya koya mini yadda ake tsayuwa a jirgi ba tare da na amayar da hanjina ba, shi ya haɗa ni da Horia. Har yau Nashu nake ce masa, wato uban aure a harshenmu, ko a ofis, kuma ban taɓa zama kafin ya zauna ba. Saura masa watanni ya yi ritaya, yaran ofis har sun fara karo-karon sayen masa agogo.

Wata ranar Lahadi muka je gidansu cin abinci kamar kullum. Domnica ta soya kifi, ga tuwon masara da miyar tafarnuwa. Bayan ya sha kofi na biyu sai tausayina ya kama shi. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, hayaniya hayaniya ce, ba a taɓa fitar da hoto daga cikinta ba, shi dai ya yi mini iya ƙoƙarinsa. Na tambaye shi wane ƙoƙari. Ya ce ai ranar lodi ya duba kunnuwan ya tarar mu 'yan kwamfuta mun bar rariyar kowace a buɗe. Rariya wani saiti ne da in aka rufe shi yake tace ƙara mai zurfi ya zubar kafin a naɗa. A aikin bindiga dole ne a sa ta, in ba haka ba rurin teku ya rufe komai. Wai ya tara mutanensa suka yini a tsaye cikin iskar tashar jirgi suna rufe su ɗaya bayan ɗaya, bai faɗa mini ba don kada ya kunyata ni gaban yaran sashena. Yana dariya ya ce, “Ko na gode ba ki ce ba, 'yar nan.”

Tanti, na ce masa na gode. Bakina ne ya faɗa da kansa. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Abin da na kwashe shekaru ina roƙon a bar ni in saurara, shi ya sa aka tace aka zubar, kuma ba ya dawowa, domin ba a naɗe shi ba tun farko. Washegari na buɗe ɗaya daga cikin kunnuwan na duba, haka ne. Ban taɓa tunanin duba wurin ba, tunda da hannuna na saita su kafin a kai tashar.

Mako mai zuwa za a zauna a yanke hukunci. Ko a sake jera kunnuwan kafin sanyin bana, ko a ɗauko jirgin bindiga a rufe babin nawa. Darakta ya riga ya karkata, kuma in aka rufe ba za a sake buɗewa ba, na san mutanen nan. In na faɗi gaskiya, akwai hujjar a sake gwadawa, tunda ba a gwada komai ba ma. Amma zai zama Nea Sterie ya fita daga aikin da ya ba rayuwarsa da sunan wanda ya ɓarnatar da aikin sanyi guda, kuma 'yar da ya aurar ce ta tona. Mutum ne da wani ya taɓa gyara masa magana a jirgi gaban jama'a, har yau ba ya amsa gaisuwarsa.

Horia cewa yake in rubuta cewa na'urori ne suka samu matsala, shi ke nan, kowa ya huta. Wai ƙarfe ba ya jin kunya. Na ce masa masu ƙera su za su zo su gwada su ƙaryata ni, in kuma ba su zo ba, darakta zai ce ga shi nan, kayan ba abin dogaro ba ne. Sai ya ce to ni na fi son tukwanena a kan mutane. Mahaifiyata kuwa tambayoyinta biyu ne, wa zai riƙe jaririn, kuma me za ta ce wa dangi. Babu wanda ya tambaye ni yadda na ji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shi Nashun, kullum sai ya leƙo ofishina da tuffa a hannu, ya ajiye mini a tebur ya ce in ci saboda yaro, ya ƙara da cewa ba laifina ba ne. Ina son mutumin nan, kuma wallahi akwai ranar da nake ji kamar in jefe shi da tuffar.

In yi shiru in binne aikina, ko in yi magana in binne shi? Ki gaya mini, kaina ya ƙulle.

Mai sauraron teku, Constanța

*

'Yata,

Fushinki a kan hanya yake, kada kowa ya ce ki haɗiye shi saboda ciki. An yi miki ɓarna babba, kin kuma kwashe watanni kina zargin kanki a banza. Wannan da ciwo.

Amma bari in fara da abin da na lura. Ni tsohuwa ce da ko rediyona ya lalace sai na kira maƙwabci, duk da haka cikin 'yan layuka kin fahimtar da ni cewa rurin teku shi ne abin da kike nema. Kin taɓa zaunar da uban aurenki kin yi masa wannan bayanin? Na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga wurin ba. Ina zaton kin saita kayanki kin miƙa, kin tsallake shi, domin ya yi miki nauyi ki koyar da mutumin da ba kya zama kafin ya zauna. Shi kuma ya gyara a ɓoye don kada ya kunyata ki. Kowannenku ya yi wa ɗan'uwansa kara, kara kuma ta cinye muku sanyi guda. Shirun da Horia da mahaifiyarki ke so ki yi, irin wancan ne, kuma na biyun zai fi tsada.

Shi ma yana da nasa laifin, ban wanke shi ba. Ba a taɓa kayan aikin wani a canza ba tare da an tambaye shi ba, komai girman mutum. Sai dai laifin wanda ya yi ganin yana taimako daban yake da na mugu, kuma a haka ya kamata ki riƙe shi.

Maganar ɗora wa na'ura laifi, ki ajiye ta. Ƙarya ce, kuma kin faɗa da kanki ana zargin gas a ƙarƙashin wannan dandamali. Akwai mutane da ke kwana a kansa. Wanda aikinsa ya shafi rayukan wasu ba ya rubuta abin da ya san ba haka ba ne, ko don waye. Ki faɗa wa mijinki haka cikin ruwan sanyi. Tsoro ne ke sa shi magana, ba rashin ƙaunarki ba, shi ma ai dattijon nan uban aurensa ne.

Ga abin da za ki yi. Gobe ki same shi a ɗakin kayan aikinsa, ku biyu, ƙofa a rufe. Ba a gidansa ba, ba a kan abinci ba, ba gaban Domnica ba. Kada ki fara da zargi. Ki ɗauki kunne ɗaya ki ajiye tsakaninku, ki yi masa bayanin da kika yi mini, a hankali, tun daga farko. Mutumin sana'a ne, zai gane kafin ki kai ƙarshe. In ya gane, ki bar shi da abin, kada ki yi saurin lallashi. Sannan ki faɗa masa naki kason, cewa ya kamata ki yi wannan bayanin tun bara.

Daga nan ki roƙe shi ku shiga wurin darakta tare kafin ranar zaman, ya faɗa da bakinsa, ke kuma ki faɗi naki, ki nemi a sake jerawa, kuma shi za a ba shirin kayan. Dattijon da ya kai kansa ya ce na yi kuskure ga yadda za a gyara, ba a yi masa dariya. In an yarda, aikinsa na ƙarshe zai zama wanda ya yi kyau.

In ya ƙi, ki gaya masa a fili cewa ranar zaman za ki faɗi abin da ya faru, ba ƙari ba ragi, sannan ki cika. Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba, mai yiwuwa ya yi fushi, mai yiwuwa wani daban ne zai riƙe jaririnki, kuma hakan zai yi miki zafi na dogon lokaci. Amma in kika yi shiru, duk Lahadi za ki zauna a teburinsa da ƙullin nan a zuciya, wata rana kuma sai ya fito, ta hanyar da ba za ta gyara komai ba. Ko ba ke ba, wani zai buɗe ɗaya daga cikin kunnuwan nan ya gani. Gara ya ji daga bakinki kina kallon idonsa, da ya tsinci labarin a bakin yaran da shi ya koya wa aiki.

Ki je gobe, kada ki bari ta kai jibi. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki ƙarfin hali, ya kuma sauke ki lafiya.

Tanti Aglaia