Makirufon da Malama Ta Manta a Wuyanta

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da maigidanki kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauƙaƙa muku wahalar aiki a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Innarki na fama da gwiwa kamar kullum, ni kuma tsufa ne, shi ko ba a kai shi asibiti.

Kin yi ta tambayar abin da ya hana Balbela karɓar waya, ina ce miki tana wasa. Ba wasa take ba. Yau kwana goma sha ɗaya 'yarki ba ta sa na'urar jinta ba. Kin san ƙaramin makirufon da malamarsu ke ratayawa a wuya, mai kai muryarta kai tsaye cikin na'urar. Shekara biyu ina sintiri a makarantar ina roƙon a riƙa kunna shi, sau nawa na tarar da shi a aljihun tebur tare da alli. To, an kunna. Ran nan da aka fita tara, malama ta shiga ɗakin malamai da shi a wuyanta, ba ta kashe ba. Yarinya na zaune ita kaɗai a aji saboda hayaniyar fili na damun ta, ta ji komai tas. Malama ta ce kurmar nan ta gajiyar da ita, magana ɗaya sai an maimaita sau uku, kuma kakan nan mai dogon turanci ya fi jikar tasa ciwon kai. Wani malami ya ce ai yarinyar rediyo ce, a canja mata batir, aka tuntsire da dariya.

Da Balbela ta dawo gida ta mayar mana da maganar kalma bayan kalma. Duk shekarun da muka yi muna kai ta wajen mai koyar da furuci, ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo da tsabta haka ba. Daga nan ta cire abin daga kanta, ta jefa a gwangwanin maɓallan innarki, ta rufe. Tana zuwa aji, amma zama kawai take kamar hoto.

Na je makarantar. Shugabar ta ba ni kujera, ta kira ni Baba ya fi sau goma, ta ce kuskuren na'ura ne. Na ce ai na'ura aikinta ta yi. Shekara talatin na yi ina duba makarantu, na san irin haƙurin da ake ba tsoho don ya tashi ya tafi.

Ga abin da na kasa faɗa miki ta waya. Ni na hana a koya mata maganar hannu. Kin so, na kawo miki takardun da na karanta, na ce zai sa ta ƙyuyar magana. Kika haƙura don ni ne ubanki, kuma wai mai ilimin gidan. Yanzu ga mu a ɗaki ɗaya, ba ni da hanyar ce mata ko sannu. Na rubuta mata a takarda, amma 'yar aji biyu ce, ta karanta sunanta ta ture sauran.

Akwai wata tela kurma a bayan layinmu. Jiya na je shagonta na tsaya kamar ɗan aji ɗaya. Ta yi ta dariya, ta nuna mini cewa yatsuna itace ne, amma ta koya mini alama ɗaya, ta ba da haƙuri. Yau da safe na yi wa Balbela. Ta dube ni, ta kama hannuna ta gyara mini yatsun. Ashe innarki ta fi shekara tana kai ta shagon a ɓoye, da sunan kai ɗinki. Ni ne ƙarshen sani.

Na'urar na nan a gwangwani, ina cajin batirinta kowace safiya, amma ba zan tilasta mata ba, kuma ban san ranar da za ta ɗauka ba. Ki yafe mini. Ki nemi mai koya miki maganar hannu a can tun yanzu, kuma idan za ki kira, ki kira ta bidiyo, ki matsa baya yadda hannayenki za su fito.

Innarki da yayanki da gwaggonki suna gaishe ku. Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki.

Ni ne,
mahaifinki.