Ƙofar da ta ƙi shiga

Funtuwa, daren Laraba, cikin Sha'aban

Yau Bitrus kafinta ya kawo ƙofar ɗakin da zan riƙa karantar da mata, ta ƙi shiga. Malam Audu magini ya hau shi da faɗa: "Ni da tef na auna. Ku a Malumfashi da me kuke awo?"

Na yi shiru, alhali ni na aika masa cewa faɗinta kamu biyu ne. Da guntun hannuna na auna, shi kuwa dogo ne, ya auna da nasa. Sai bayan la'asar na iya faɗa. Ya ce, "Ba komai, Hajiya."

Saura taga. Na yanka kara biyu tsawo ɗaya na awo, kafinta da magini kowa ya riƙe guda.

Allah Ka yafe mini shirun nan. Wuni guda bawan Allah yana shan zagi a kan hannuna.