Masaƙin da Bai Iya Ƙulla Zare Ba

Litinin, 6 ga Oktoba, 1884
Mista Entwistle, mai masaƙarmu, ya kawo mini sabon masaƙi daga Sikotland, Murdo Baird. Tafin hannunsa laushi kamar na limamin coci. Na dubi ƙafafun, na gane. Doka ta hana a biya ɗan ƙwallo, shi ya sa aka ba shi injin saƙa a sashena. Shekara ashirin ina shugaban sashe, yau na zama mai gadin ƙarya.

Asabar, 11 ga Oktoba
Ban je filin ƙwallo ba, ina da littafi. Ihu ya hana ni karatu. Wai Murdo ya ci ƙwallo uku.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Na je, don kawai in ga abin da ake ɓata mini zare a kansa. Namu in sun sami ƙwallo sai su sunkuyar da kai su yi gaba kamar bijimai. Shi kuwa ya miƙa wa wannan, ya karɓa, ya miƙa wa wancan, kamar ƙoshiya tsakanin zare. Ban yi ihu ba. Hulata dai ta faɗi.

Laraba, 19 ga Nuwamba
Garin da muka lallasa sun kai ƙara, yau mai bincike ya zo. In ya tabbatar Murdo ba masaƙi ba ne, za a hana shi wasa, a cire mu daga gasar kofi.

Mai binciken bai san ƙarar injuna ta koya mana magana da leɓe ba. Ita kaɗai Murdo ya koya a nan, a wurin Tabitha Clegg, wata masaƙiyar sashena, kuma ba don aiki ba. Mutumin yana kwarara masa tambaya a kunne, Tabitha na bayan mutumin tana motsa baki, Murdo na ba da amsa tamkar a masaƙa aka haife shi. Sai mai binciken ya juyo kaina.

"An ce kai ba ka ƙarya. Masaƙi ne?"

"Masaƙi ne, yallaɓai."

Da aka tashi Tabitha ta ce, "Baba, yau kai ka tsare mana gida." Na ce ta kama gabanta. Abin da ya dame ni, na ci abincina da daɗi.

Talata, 21 ga Yuli, 1885
An halatta biyan 'yan wasa. Murdo ya dawo mini da rigar aikinsa, fes, ko ɗigon mai babu. Wata ƙungiyar birni ta ɗauke shi, shi kuma ya ɗauke Tabitha. Masaƙiya ta gaske na rasa, ita kaɗai nake baƙin cikin rashinta.

Asabar, 5 ga Satumba
Uwargida ta so yin tsumma da ƙyallen da Murdo ya saƙa ranar bincike, mai huji bakwai. Na karɓe, na sa a tsakanin littattafaina. Na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa birnin da Murdo ke wasa, na ce mata kantin littattafai zan je. Ta ce in riƙe hulata da kyau.