A Buɗe wa Maigidana Hanya Ya Dawo Gafasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ke tsara bunƙasar arzikin ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka.

Ranka ya daɗe, ni mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce a Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi. A rediyo na ji bayaninku cewa ƙasa za ta bunƙasa idan aka jawo masu sana'a daga ƙasashen maƙwabta, aka kawo wuta, aka gyara hanyoyi, aka buɗe kasuwanci. Na tsayar da suyar gyaɗata na saurara har ƙarshe, don duk abubuwan nan a tsakar gidana suka haɗu.

Na farko, maganar baƙi. Maigidana mutumin Damagaram ne ta Nijar. Yana saurayi ya zo cirar gyaɗa, ya koyi gyaran inji a Gaya, ya aure ni, muka haifi 'ya'ya biyar. Bai taɓa yin takardar zama ba, kuma laifin har da nawa. Duk sanda aka yi zancen rajista sai ya yi dariya, ya ce mai unguwa ya san shi, liman ya san shi, da hannunsa aka haƙa kabarin mahaifina, wa zai tambaye shi takarda? Ni ma haka na ɗauka. A wajenmu, wanda aka ba gona aka ba mata ya gama zama ɗan gari.

Bara bayan girbi aka aiko mahaifiyarsa ba lafiya. Ya tafi da jaka guda, ya ce mako biyu zai yi. Allah ya yi mata rasuwa, ya tashi dawowa, aka mayar da shi daga iyaka don ba shi da takarda. Sau uku yana gwadawa. A can, Hausarsa ta Kano ta sa ana ce masa ɗan Najeriya, wai ba za a ba shi takarda ba sai ya kawo shaidar haihuwar da ba a taɓa rubutawa ba. A nan kuma baƙo ne. Ba na zargin ma'aikacin da ya tsayar da shi, aikinsa ya yi. Amma ku da kuke neman masu sana'a daga waje, ga naku kun bar shi a waje.

Na biyu, wuta da hanya. Injin markaɗen unguwarmu ya mutu tun damina, Malam, wato maigidana, shi ne kaɗai ya san halinsa. Na lantarki kuwa ado ne, don wutarmu ko gaisuwa ba ta tsayawa a gama. Yanzu sai mu ɗora gyaɗa a adaidaita mu kai Gaya, mu biyo ramuka mu dawo da markaɗen, rabi a bokiti rabi a jikin zanenmu. 'Yan uwansa da ke kawo dabino da kanwa su koma da ƙuli-ƙulina su ma sun ɗauke ƙafa.

Duk wannan mai sauƙi ne, ranka ya daɗe. Kewarsa nake yi, da furfurata nake faɗa. Idan ya kira waya sai ya tambayi gona da awaki da injin nan, in ba shi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, mu yi sallama babu wanda ya faɗi abin da ke ransa.

Roƙona, ku sa irinmu a tsarinku. A kawo rajistar baƙi mazauna har ƙauyuka, a karɓi shaidar mai unguwa da liman ga wanda ya yi iyali a nan, a duba wutarmu da hanyarmu. Sannan a ba Malam takardar da zai shigo gidansa da ita.

Na san ba a cike takarda da "Malam". Shekara ashirin da uku muna tare, ban taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa, don matar kirki a wajenmu ba ta yi. Yau zan rubuta shi kowa ya karanta, in dai zai dawo da shi: sunansa Isuhu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, kada ya raba ka da naka.

Wassalam.

Taku,
Matar Malam mai gyaran inji, Gafasa.