Rabin La'adar da Ka Haɗiye, da Rufin Gidana da Ya Yi Yoyo

Zuwa ga Alhaji Garba Mai-Makullai, dillalin gidaje a birnin Landan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni ce Sista Hauwa, ungozoma, matar Malam Isyaku mai karatun injiniya. Na san ba ka manta da ni ba. Na faɗi sunana ne saboda waɗanda za su karanta wannan wasiƙa tare da kai. Na je ofishinka, na buga maka tarho, na aika maka dattawa, duk ka toshe kunne. Tunda ka ƙi ji a ɗaki, sai ka ji a bainar jama'a.

Na farko, yadda muka faɗa hannunka.

Muna zaune a Thamesmead, a gidan hayar ƙaramar hukuma da ake kira council, cikin bangon siminti mai gumi tun daga shigowar sanyi har fitarsa. 'Yarmu Zainab tana da ciwon fuka. Likita ya gaya mana ɓaro-ɓaro cewa ko mu fitar da ita daga wannan danshi, ko mu saba da zaman asibiti. Shi ya sa muka ƙudurta sayen gida, ba don ƙawa ba. Albashina, da ɗan abin da Malam ke samu a gidan waya bayan karatu, da adashen da muke yi da matan Abbey Wood, da bashin banki, iyakar ƙarfinmu ke nan.

A wajen wani suna aka nuna mini kai. Aka ce ga ɗan gida, shi ke samo wa manyan Kano da Kaduna gidaje tun da kuɗin mai suka fara zuba, yana aiki da kamfanin wani Bature amma zuciyarsa ta gida ce. Ka rusuna ka gaida Malam, ka kira ni ƙanwarka, har ka ɗauki Zainab ka ce tarin nan nata ya taɓa maka rai.

Na biyu, alkawarin da ka ɗauka.

Ka kai mu wani gida a Plumstead, mai ɗan fili a baya. Ya yi mana. Sai Baturen da banki ya turo ya duba, ya ce rufin ya tsufa, dole a sake shi kafin sanyi. Muka lissafa, muka ga in mun sayi gidan ba abin da zai rage na gyara. Malam ya ce mu haƙura. A bakin ƙofar gidan ka tare mu ka ce, "Sista, kada rufi ya raba ki da arziki. Mai gidan ne zai biya ni la'ada, ba ku ba. Ranar da aka ba ku makulli, rabin la'adar nan taki ce. Kuma ke da manyan mata ke haihuwa a hannunki, duk wanda kika kawo mini ya sayi gida, kina da kaso. Ki haɗa ki yi rufinki."

Na ce a rubuta. Ka dafe ƙirji kamar na zage ka. Ka ce, "Takarda tsakanin Musulmi da Musulmi? Haba ƙanwata, Turai ta ɓata ku." Malam ya yi mini kallon in yi shiru, don kunya ta kama shi. Na bar maganar. Muka sa hannu a takardun banki, muka mayar wa council makullinsu.

Na kuma cika nawa ɓangaren. Akwai Hajiyar da na karɓi haihuwarta, muka saba har take kirana gidan da suka sauka in yi mata wankan jego irin na gida. Mijinta ɗan kwangila ne daga Kano, yana neman gida saboda karatun 'ya'yansa. Da ƙafata na kai shi wurinka. Ya sayi gida a ƙetaren kogi, gidan da farashinsa ya ninka namu sau da yawa. Da bakinka ka gaya wa Malam a tarho cewa haƙƙinmu gaba ɗaya ya tashi fam ɗari huɗu, ƙarshen wata za ka kawo. Mai gyaran rufi ya ce ɗari uku da hamsin zai karɓa. Muka ce masa ya shirya.

Na uku, ranar da ka manta da Hausa.

Ƙarshen wata ya wuce, wani ya wuce. Kullum sakatariyarka sai ta ce ka yi tafiya Nijeriya, alhali sabuwar motarka na bakin ofis. Ran nan na tashi daga aiki, ko farar rigar ban cire ba, na hau bas na same ka zaune da Baturen naka kuna shan shayi. Na yi sallama, ba ka amsa ba. Na gaishe ka da Hausa, ka mayar mini da Turanci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ka juya ga Baturen kana murmushi, ka ce masa haka mutanenmu suke, in ka taimake su sau ɗaya sai su riƙa bin ka suna roƙon kyauta. Ka tambaye ni, har yanzu da Turanci, ina takarda.

Alhaji, na sha wulaƙanci a ƙasar nan. Na sha ganin majinyaciya ta janye hannunta don kada baƙar fata ta taɓa ta. Duk na haɗiye, domin ba su san ni ba. Amma kai ka ci tuwo a gidana. Kai ka hana a rubuta takarda, kai ne kuma ka tambaye ni ina take. Ka zaro fam biyar ka ajiye a gefen tebur, wai kuɗin bas. Na bar maka su a nan. Ban yi kuka a gabanka ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da hakan.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Sanyi ya shigo da ruwa. Rufin ya yi abin da aka ce zai yi. Bokiti, tukwane, har kwanon wankan yara, duk muka jera a ɗakin sama. Bango ya yi baƙi da fumfuna. Mun gudu daga danshi mun faɗa wanda ya fi shi, ga bashin banki a wuya, ba kuma inda za mu koma. Wata safiya Zainab ta tashi numfashinta na fita da ƙyar, leɓɓanta sun sauya launi. A asibitin da nake aiki aka kwantar da ita. Ina ɗakin haihuwa ina miƙa wa wasu mata jariransu, tawa tana kwance a hawa na ƙasa da robar iska a fuska. Malam ya bar jarrabawarsa ya zauna da ita, shekarar karatu ta tafi a banza, gwamnatin jiharmu kuma ta rubuto tana barazanar yanke masa tallafi.

Allah ya tashi kafaɗunta. Da aka sallame ta, na ɗauki sarƙar zinari da 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini, na kai wa wani mai sayen gwal a Woolwich. Da su aka yi rufin. Abin da ya rage mini na uwata ke nan a duniya, yanzu yana saman gida ruwa na dukansa.

Na biyar, abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani.

Na je na zauna da Hajiya na ba ta labari tun daga farko. Ta gaya wa mijinta. Shi kuma ya ce ai ka karɓi wasu kuɗi masu kauri a hannunsa, ka ce na Baturenka ne, na share hanya. Ya sa lauyansa ya tambaya. Baturen ya ce bai san da su ba, la'adarsa mai sayarwa ya biya. Ka ci ta gaba, ka ci ta baya. Na ji abokan mijin Hajiya da ke shirin zuwa wurinka sun sauya hanya, na kuma ji Baturen naka ya daina shan shayi da kai. Ba zan ɓoye maka ba, ranar da labarin ya iso ni sai da na dafa shinkafa da kaza.

Ban tsaya nan ba. Na samo Malam Bala direban bas da wata bazawara, Hajiya Asabe, waɗanda ka yi wa irin wannan romon baka, su ma ka hana su rubutawa. Kunya ce ta rufe musu baki. Ni tawa kunyar ta ƙare a ofishinka. Duk matar wani babba da ta zo haihuwa ta tambaye ni dillali, sunanka nake fara faɗa mata, da abin da ka yi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, Alhaji, kai kuwa yanzu ka fara.

Ga buƙatuna. Ka biya mu fam ɗari huɗunmu cif, ta hannun limaminmu, ba a asirce ba. Ka biya Malam Bala da Hajiya Asabe nasu. Sannan ka tsaya a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, da Hausar da uwarka ta yi maka reno da ita, ka ce ba roƙo na je yi ba, haƙƙina na je karɓa. Kafin ka yi haka, zan tsaya a bakin masallaci duk Juma'ar da ba ni da aiki ina raba wannan wasiƙa, kuma kwafinta ya riga ya kama hanyar jaridun gida.

Dattawa sun ce in ka biya in yafe. Na girmama su, amma ba zan yi musu ƙarya ba. Kuɗi za su biya kuɗi. Numfashin 'yata da shekarar mijina da zinarin uwata, waɗannan na ajiye su sai ranar da ba dillali tsakanin bawa da Ubangijinsa.

Ina yi maka addu'a kamar yadda aka saba. Allah ya tsare 'ya'yanka, don ba su yi mini komai ba. Allah ya ba ka tsawon rai da lafiyar ido, ka zauna a ofishin nan kana kallon mutanenmu suna wucewa ta ƙofarka ba mai shigowa.

Wassalam.

Sista Hauwa,
Plumstead, Landan.