Bokitin da Aka Ɗora wa Khairat

Yaya Madina,

Assalamu alaikum. Ya gwiwar Inna? Ya mutanen Gashuwa, an fara tsinkar tattasai kuwa? Mu nan lafiya lau, sai ɗan kumburin ƙafa na tsayuwar aiki, kada ki gaya wa Inna.

Yaya, takaici ne ya sa na ɗauki biro. Makarantar su 'yarki Khairat ta shirya tattakin tara kuɗin rijiya, wai domin Afirka. Da yake ita kaɗai ce baƙa a ajinsu, sai suka cire mata takalmi, suka ɗora mata bokiti a ka, suka sa ta a gaba. Yarinyar da aka haifa a Ingila, ko gammo ba ta sani ba! Iyaye na ta tafa mata, wata har da hawaye.

Na je wajen shugabar makarantar. Ta dafa kafaɗata, wai na yi ƙoƙari da na iya Turanci haka. Ni da na tsufa ina koyar da shi a Nguru! Na ce mata kakanninta ma tausayi suka ce ya kai su ƙasarmu.

Yanzu Khairat ta ce ba za ta zo gida hutu ba, wai kunya take ji. Ki share mata ɗaki. Za ta zo ko tana kuka, ta ga danginta da idonta kafin waɗannan su gama koya mata ƙyamar kanta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Talatu